Buɗe kasuwar kuran: abin da mai masana'anta a Damagaram zai samu da abin da zai ɗauka a kansa

Duk mai injin da ya wuce na niƙan unguwa a Damagaram, ko na ƙanƙara ne, ko na matse man gyaɗa, ko na buga bulo, ko na ruwan leda, ya san kuran ɗin da ke juya masa inji ba a garin nan aka haife shi ba. Shekara da shekaru, kaso mafi girma na wutar jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa yana shigowa ne ta layi guda mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu, reshe ɗaya ya yi gabas zuwa wajenmu, ɗaya ya yi yamma zuwa Maraɗi. Daga baya aka ƙara layin da ya haɗa matatar SORAZ da gari, sannan aka samu tashar mai megawat 22 ta kamfanin Istithmar. Amma har yanzu mai sayar maka da wuta ɗaya ne, mai waya ɗaya ne, mai kawo faktir ɗaya ne: NIGELEC, wadda aka kafa tun 1968. Shi ya sa idan aka ce a buɗe kasuwar wuta, a bar ƴan kasuwa su shigo su yi gasa, masu masana'antu ne ke fara cewa amin. A ganina sun yi saurin cewa amin ɗin. Buɗe kasuwa yana iya rage kuɗin kilowat-awa, amma abin da yake yi tabbas shi ne ya sauke kasadar farashi daga kan gwamnati ya ɗora ta a kan mai saye.

Sana'ar wuta kashi huɗu ce: samar da ita a tasha, jigilarta ta manyan layuka, rarraba ta cikin gari, da sayar da ita ga mai kontar. Ana iya yin gasa a na farko da na ƙarshe. Na tsakiya biyu kuwa babu gasa a cikinsu ko a Turai, don ba wanda zai kafa layi na biyu daga Gazawa zuwa Damagaram saboda kawai ya karya wa na farko farashi. Ko da kamfani goma ne ke neman sayar maka da wuta, ta waya ɗaya za ta zo, kuma in wayar nan ta faɗi duk goman sun faɗi tare da ita.

Nijar ta taka matakin farko. An kafa hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi a 2015, sannan dokar wutar lantarki ta watan Mayun 2016 ta ba masu zaman kansu damar kafa tashoshi, ta kuma tsara yadda mutum zai samar wa kansa wuta. Tashar Istithmar ta Gudel a Yamai mai megawat 89 da tamu ta nan irin wannan ce: ɗan kasuwa ya gina, NIGELEC ta saya ta rarraba. Wannan tsari na mai saye ɗaya bai kai ga ba ka zaɓi ba. Abin da ya taɓa aljihun mai masana'anta kai tsaye shi ne sabon farashin da ya fara aiki a watan Janairun 2018, wanda aka yi don a matso da kuɗin wuta kusa da abin da ake kashewa wajen samar da ita. Haka abin yake kusan ko'ina: kafin ɗan kasuwa ya zuba biliyoyinsa a tasha, sai ya ga farashin da zai mayar masa da kuɗinsa. Ƙarin kuɗi ne ke fara isowa, gasar tana baya, in ma ta zo.

Ba sai an je nesa ba, Kano ta ishe mu kallo. Nijeriya ta yi dokar gyaran wuta a 2005, aka farfasa tsohuwar NEPA zuwa kamfanonin samarwa shida, na rarrabawa goma sha ɗaya, da na jigila ɗaya wato TCN, wanda ya zauna hannun gwamnati. Ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa mafi yawan sauran ga ƴan kasuwa. Kano, Katsina da Jigawa suka faɗa hannun kamfanin rarrabawa na KEDCO. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa bai samu zaɓi ba ranar, mai gidan ne kawai ya canza. Sai a 2017 aka fito da ƙa'idar da ta ba manyan masu saye damar ƙulla ciniki kai tsaye da tashar samar da wuta, su biya kuɗin wucewa ta waya. To amma dubi ƙofar da aka buɗe a lokacin: sai wanda ke jan megawat 2 a kai a kai, dare da rana, wato kusan kilowat-awa miliyan 1.44 a wata. Gidan ƙanƙara mai kyau a Damagaram da ke cin kilowat-awa 40,000 a wata, sai ka tara irinsa talatin da shida kafin su cika wannan mudu. Kamfanonin rarrabawa kuma suka yi ca a kan ƙa'idar, don waɗanda za su fita su ne masu biyan kuɗi da yawa a kan lokaci. In suka tafi, nauyin waya da ma'aikata da bashin da ba a biya ba sai ya koma kan matsakaitan da suka rage, kuma a nan mafi yawan masana'antunmu suke. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane kilowat-awa, dare ɗaya. Cikin Oktoban shekarar kuma manyan layukan da ke kai wuta Arewa suka samu matsala, Kano ta yi kwanaki cikin duhu. Babu takardar ciniki da ta kunna wa kowa inji a kwanakin nan.

Mu ma mun ɗanɗana irinsa ta wata fuska. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumin CEDEAO a ƙarshen Fabrairun 2024. Ƙasar da a lokacin ke samun wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga maƙwabciya ta gane cewa kwangila ɗaya ce, siyasa kuma daban.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar ma abin da suka gani bai bambanta sosai ba. Ingila ta fara a 1990 da masu jan sama da megawat 1, a 1994 ta sauko zuwa kilowat 100, gidaje suka zo a ƙarshe. Manya sun ci moriya da wuri saboda suna da ma'aikacin da ba shi da aiki sai sayen wuta. A Faransa manyan masana'antu sun bar farashin gwamnati da murna lokacin da kasuwa ke araha, da farashi ya tashi suka dawo suna kuka, har aka yi doka a ƙarshen 2006 da ta ba su hanyar komawa wani farashi na wucin gadi. A Kaliforniya cikin 2000 da 2001, masana'antun da suka karɓi rangwame bisa sharaɗin a yanke su in wuta ta yi ƙaranci, suna ganin ba za a taɓa yi ba, aka riƙa yanke su a kai a kai. A Teksas cikin Fabrairun 2021 sanyi ya tsayar da tashoshi, farashin kasuwa ya kai dalar Amurka 9,000 kowane megawat-awa ya zauna can kwanaki, wato kusan jika biyar a kilowat-awa ɗaya. Wanda ya ɗaure farashinsa da kasuwar yau da gobe ya ga faktir ɗin da ta fi ta shekara.

Mu dawo gida, mu yi lissafi, don a nan ne maganar take. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, kowa ya sa nasa. A ce gidan ƙanƙaran nan na buƙatar kilowat-awa 40,000 a wata. Layi yana ba shi kashi 75 cikin ɗari, sauran gurup, wato janareto, ne ke cikewa. A ce wutar layi, in an haɗa komai, tana zaunawa a sefa 90 kilowat-awa. Gurup mai lafiya da ke ɗauke da kashi 70 zuwa 80 na ƙarfinsa yana shan lita 0.27 zuwa 0.30 na gazuwal kowane kilowat-awa. In lita tana sefa 618, mai kaɗai ya kai wajen sefa 185. Ƙara baƙin mai, matatai, da tsufan inji, ka tashi da 210. Kilowat-awa 30,000 a kan 90 miliyan 2.7 ke nan, 10,000 a kan 210 kuma miliyan 2.1. Jimla miliyan 4.8, wato sefa 120 kowane kilowat-awa. Wannan shi ne farashin wutarka na gaskiya, ba wanda ke kan faktir ba.

Yanzu a ce gasa ta rage maka kashi 10, wutar layi ta koma 81, amma ɗaukewar na nan yadda take. Ka rage sefa 270,000 a wata. A juya: an ƙara maka kashi 10, ta koma 99, amma layi ya riƙe kashi 95 na lokacin aikinka. Kilowat-awa 38,000 a kan 99 da 2,000 a kan 210 sun ba da kusan miliyan 4.18. Ka rage sama da 600,000, ba a ma sa ƙanƙarar da ta narke ko kwaɓin da ya bushe cikin inji ba. Saboda haka duk wanda ya zo maka da tayin wuta mai araha, tambayar farko ba nawa ba ce. Tambaye shi awa nawa, ta wace waya, kuma in bai kawo ba me zai biya ka.

Abu na biyu da buɗe kasuwa ke yi shi ne ya farfasa faktir. A hannun kamfani ɗaya abubuwa da yawa suna cuɗe, wani yana ɗaukar nauyin wani ba tare da an sani ba. Da zarar an raba kamfanoni, kowa yana son kuɗinsa daban: kuɗin wutar kanta, kuɗin ajiye maka ƙarfi, kuɗin babban layi, kuɗin wayar gari, kuɗin asarar hanya, sai harajin TVA na kashi 19 a kai. Wanda ya san yadda injinansa ke jan wuta zai ci riba a wannan tsari. Wanda bai sani ba zai biya fiye da da. Kuma mafi yawan waɗannan abubuwa suna nan a faktir ɗin mai abonema na matsakaicin ƙarfi tun yanzu, sai dai ba kowa ke karanta ta ba. Maigida ya dubi jimla a ƙasa ya ce wa akawu je ka biya.

Ɗauki ƙarfin da ka yi rajista da shi. Ana biyansa kowane wata ko ka kunna inji ko ba ka kunna ba. Da yawa sun yi rajistar daidai girman taransfo ɗinsu, don mai haɗa wuta ya ce haka ya fi. A ce ana cajin sefa 5,000 kowane kilowat a wata, kai kuma ka ɗauki 250: miliyan 1.25 ke nan, wanda in an raba shi kan kilowat-awa 40,000 ya ƙara maka sefa 31 a kowane ɗaya. In mafi girman abin da ka taɓa ja bai wuce 160 ba, kana zubar da 450,000 duk wata a banza. Je ka gaban kontar, ka danna maɓallin da ke juya allon, za ka ga layin da ke nuna mafi girman ƙarfin da aka ja tun karatun baya. Rubuta shi wata goma sha biyu a jere, ka ɗauki mafi girma, ka ƙara kashi 10. Kada ka matse fiye da haka, don tarar wuce iyaka ta fi kuɗin rajistar zafi. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi: ana zaton fizgar da inji ke yi lokacin tashi ce ke ɗaga wannan lamba. Kontar tana ɗaukar matsakaicin minti 10 ko 15 ne, fizgar daƙiƙa biyar ba ta cika taɓa ta ba. Abin da ke ɗaga ta shi ne a bar injin niƙa, kwamfaresa biyu, famfon rijiya da injin walda duk suna aiki lokaci guda. Ka mayar da famfon cika tanki zuwa dare, lambar za ta sauka ba tare da ka sayi ko ƙusa ba.

Fizgar tashi inda take cizo daban ne. Injin da aka haɗa kai tsaye yana jan ninki shida zuwa bakwai na wutarsa ta aiki a daƙiƙun farko. Shi ke sa fitilu su yi ƙasa, kontaktar ta saki, gurup ya yi tari ya fitar da baƙin hayaƙi. Haɗin tauraro da kusurwa uku yana rage fizgar zuwa kashi ɗaya cikin uku, na'urar tashi a hankali ta fi shi laushi. Wanda bai gyara wannan ba yakan sayi gurup ninki biyu na buƙatarsa, sannan gurup ɗin ya wuni yana aiki da rubu'in ƙarfinsa, yana shan lita 0.4 ko fiye kowane kilowat-awa, mai da bai ƙone ba yana tsiyaya ta bakin salansa.

Sai kosinus fi, wanda shi ne kuɗin da aka fi biya cikin rashin sani. Kowane inji mai naɗin waya yana jan wata wuta da ba ta aiki, kai-komo kawai take tsakaninsa da layi don ta riƙe maganaɗisu, amma tana cika waya da taransfo kamar mai aikin. Kosinus fi shi ne lambar da ke nuna kason wutar da ke aiki cikin duk wadda ake ja. Masana'anta mai jan kilowat 200 da kosinus fi 0.72 tana ɗora wa taransfo kVA 278, wato jimlar nauyin wuta mai aiki da mara aiki. In taransfo ɗin na 250 ne, ya riga ya wuce ƙarfinsa, kuma a zafin Afrilu da Mayu na garin nan, inda inuwa kanta ke haura digiri 40, ba zai yi tsawon rai ba. In aka ɗaga lambar zuwa 0.95, nauyin ya sauko zuwa wajen kVA 210, taransfo ɗin ya samu numfashi, tarar da ke kan faktir ta ɓace. Abin da ake buƙata a wannan misali akwatin kondansatar ne na kimanin kvar 127 (ma'aunin wutar da ba ta aiki), sai a sayi na 130 ko 150 mai matakai, wanda ke shiga da fita da kansa gwargwadon nauyi. A kasuwar da aka buɗe wannan ya fi muhimmanci, saboda mai waya yakan caji kuɗin wucewa bisa kVA, ba bisa kilowat ba.

Akwatin nan yana da nasa halin. Buɗe shi bayan ka yanke wuta ka jira minti biyar ya sauke cajinsa: in ka ga kan gwangwanin kondansatar ya kumbura, ya mutu, ko da fitilar gaba tana kore. Auna wutar kowane mataki da abin awo mai baki, wanda ya ja ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa ya fara tafiya. Abu uku ke kashe su a nan: zafi, ƙurar hunturu da ke toshe fankar akwatin, da dattin wutar da na'urorin canza gudun inji da injinan walda ke zubawa a layi. In kana da irin waɗannan na'urori da yawa, sai ka sayi akwati mai naɗin kariya na kashi 7, in ba haka ba duk wata shida kana sayen sabbin gwangwanaye. Kuma a haɗa shi yadda zai fita in an koma kan gurup da ƙaramin nauyi, don kondansatar da ta yi wa gurup yawa tana hargitsa masa boltaji har ta ƙone na'urar da ke daidaita shi.

Ba na son in wuce batun ingancin wuta, don takardun ciniki sukan yi shiru a kansa. Mu a ƙarshen dogon layi muke, boltaji yana faɗuwa da yamma lokacin da gari ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Inji in boltaji ya yi ƙasa sai ya ƙara jan wuta ya yi zafi, kuma duk ƙarin digiri 10 a naɗinsa yana raba tsawon ransa biyu. Bambancin boltaji na kashi 1 tsakanin layuka uku na iya zama bambancin kashi 6 zuwa 10 a wutar da injin ke ja. Na'urar sa ido kan layuka uku, wadda ke yanke inji in ɗaya ya faɗi ko boltaji ya fita daga iyaka, kuɗinta bai kai na sake naɗa inji ɗaya ba. A sa mata jinkirin minti uku zuwa biyar kafin kwamfaresa ya sake tashi bayan wuta ta dawo. A tsarin da aka raba kamfanoni, in injinka ya ƙone mai sayarwa zai ce laifin mai waya ne, mai waya ya ce na tasha ne. Wanda ke da rikodin boltaji da kwanan wata da awa shi kaɗai ke da abin kai wa hukumar sa ido.

Hanyar da buɗe kasuwa zai fi saurin iso wa mai masana'anta a Damagaram, a ganina, ba ta babban layi ba ce, ta rufin kwanonsa ce. Kamfani ya zo ya kafa pano na hasken rana a harabarka da kuɗinsa, ya sayar maka da wutar shekara goma ko sha biyar. Rana muna da ita: kilowat ɗaya na pano yana ba da kilowat-awa 4.5 zuwa 5 a yini in an kula da shi. Amma akwai abubuwan da mai talla ba ya farawa da su. Zafi yana rage ƙarfin pano da wajen kashi 0.4 a kowane digiri sama da 25, kuma fuskarsa da azahar takan haura 60. Ƙura in ta kwanta mako biyu ba a wanke ba ragin a bayyane yake, ruwan wankin kuma a garin da ruwa ke da tsada sai an sa shi cikin lissafi. Mafi girma: injin juya wutar pano irin wanda ke jingina da layi yana mutuwa da zarar layi ya ɗauke, ko da rana tana tsaka. Don ya ci gaba sai gurup ya tashi ya riƙe masa layin, kuma dole a bar wa gurup ɗin aƙalla kashi 30 na nauyinsa, a sa na'urar da ke rage wutar pano in nauyi ya ragu, da kariyar hana wuta komawa cikin gurup. In babu waɗannan, ranar da aka kashe babban inji don sallar azahar pano zai tura wuta baya cikin gurup.

Takardar cinikin kanta ita ce inda ake yanka mutum ba wuƙa. Sharaɗin da ya fi kowane haɗari shi ne na ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya. Mai tasha yana buƙatarsa don banki ya ba shi bashi, wannan gaskiya ne. Amma a ce ka sa hannu kan kilowat-awa 100,000 a wata a kan sefa 70, da sharaɗin biyan aƙalla kashi 80. Sai lokacin da aiki ke ja baya ya zo: mai ƙanƙara a sanyin Disamba da Janairu, mai matse gyaɗa kafin sabuwar kaka ta shigo daga Matamaye da Magariya. Ka sha 50,000, ka biya kuɗin 80,000, miliyan 5.6. Wutar da aka ce maka 70 ta zama 112. Maganinsa a nemi a lissafa mafi ƙarancin a shekara maimakon a wata, kuma abin da aka biya ba a sha ba a ajiye maka shi zuwa watannin zafi. Ranakun Juma'a, sallah ƙarama da babba, da makon gyaran inji duk a cire su tun a takarda.

Sai a duba da wane kuɗi aka ɗaure farashin. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka farashin yuro ba ya motsi a wajenmu muddin ɗaurin na nan. Dalar Amurka kuwa tana hawa da sauka, kai kuma ƙanƙararka da sefa kake sayarwa. In akwai ƙarin shekara-shekara, a rubuta kashinsa da iyakarsa: kashi 5 duk shekara yana mayar da 70 zuwa 114 cikin shekara goma. In tashar mai ce, a bayyana wane farashin mai ake bi, da lita nawa aka yarda tana sha a kilowat-awa, don kada ka biya kuɗin lalacewar injin wani. A faɗi inda kontar za ta zauna, domin in tana bakin tasha kai ke ɗaukar asarar hanya, in tana bayan taransfo ɗinka kuma za a ƙara maka asarar taransfo da lissafi. A faɗi wanda zai duba ta in an yi gardama. Kalmar abin da ya fi ƙarfin mutum ma a karanta ta da kyau, wasu sukan cusa rashin mai, rufe iyaka da faɗuwar layi duk a ciki, har ya zama babu ranar da za su biya ka diyya.

Kada kuma ka yanke abonemarka ta layi don ka samu sabon mai sayarwa. Za ka ci gaba da biyan kuɗin ƙarfin da ka yi rajista a matsayin madogara, kuma wannan kuɗi dole ya shiga lissafin kwatanta farashi. Da yawa sukan manta shi, su ga riba a takarda wadda ba ta zuwa aljihu. A rubuta abin da zai faru in kamfanin ya karye ko ya sayar da kansa: wa ke da pano ɗin da ke kan rufinka, nawa za ka saye su a shekara ta biyar ko ta takwas, wa zai cire su in rufi ya fara yoyo.

Tunda ƙofar cinikin kai tsaye manya ake fara buɗe wa, masu matsakaitan masana'antu da ke kusa da juna ba su da abin da ya fi su haɗa nauyinsu su yi magana da murya ɗaya, ko gaban mai sayarwa ko gaban ARSE lokacin da ake duba farashi. Mai ƙanƙara da ke ja dare da rana, da mai bulo da ke ja da safe, da mai niƙa da ke ja da yamma, in aka haɗa su nauyinsu ya fi na kowane ɗaya daidaito, kuma nauyi mai daidaito shi ne abin da kowane mai tasha ke rage wa kuɗi. Sai dai ba wanda zai zauna ciniki da baki kawai. Kafin a kira kowa, a ɗauko faktir ɗin wata ashirin da huɗu, da littafin gurup mai nuna awannin aiki da litar da aka zuba, sannan a sa ma'aikacin wuta ya ɗaura na'urar rikodi a babban allon masana'anta mako biyu cikin Afrilu ko Mayu, ya sake ɗaura ta mako biyu cikin Janairu. A saita ta tana ɗaukar kilowat, kVA, kosinus fi da boltajin layuka uku duk minti goma, tare da lokacin kowace ɗaukewa da dawowa.